Katin Kyauta Ya Ci Gidan Deolinda

Shafi na 11

"Kai ka cuce ni, Albano. Kai, ba wani ba. Ɗago ka dube ni, daina kallon kofin nan!"

Cokalin da ke hannun Albano ya tsaya cak.

Safiyar Talata ce, ƙarfe takwas da rabi, shagon kofi na gindin tashar jirgin ƙasa ta Benfica cike yake da tsofaffi. Kowa ya juyo. Dona Deolinda tana tsaye a kan teburin kusurwa, baƙin gyale a kafaɗa, kular miya a hannun hagu, takarda a hannun dama, tana haki kamar wadda ta hau tudu da gudu.

Wannan teburin shi ne ofishin Albano tun da ya yi ritaya. Shekara talatin da bakwai ya yi a bayan tagar sayar da tikiti, kuma har yau ba abin da ke faranta masa rai kamar a zo a ce, "Senyor Albano, yaya zan je wuri kaza da araha?" Lokacin da Deolinda ta faɗo ma yana cikin koya wa Dona Piedade ne, wata siririyar bazawara mai sanda.

"Kar ki sayi na zuwa da dawowa daga nan," yake cewa. "Ki tafi da katinki har tashar ƙarshe ta cikin gari, sai ki biya na tasha biyun da suka rage kawai..."

Maganar ba ta ƙare ba.

"Kumadre," ya ce a hankali, "zauna mana. Lafiya?"

Shi ya riƙe 'yarta a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kumpadre da kumadre. Zumunci ne da ko ɗan'uwa na jini ba a yi masa wasa da shi.

"Kar ka ƙara ce min kumadre. Karanta!"

Ta buga takardar a kan tebur, har kofi ya fantsama.

Ya laluba tabarau.

"Ni an riga an karanta min," ta ce. "Jiya na kai wa yarinyar kantin magani. Sau biyu ta karanta. A na biyun ta kasa kallona. Kai nake so ka karanta, da ƙarfi, da bakin nan naka mai zaƙi."

Bai karanta da ƙarfi ba. Leɓunansa kawai ke motsi. Piedade ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Daga lauya ne," ta ce. "Lauyan Senyor Belmiro... mai gidan da kuke haya ke nan ko?"

"Shi."

"Wai kin bar gidan fiye da shekara. Wai a ofishin haraji adireshinki yana nan Benfica. Wai yarjejeniyar haya ta mutu, ki kwashe kayanki cikin kwana sittin, in ba haka ba kotu." Piedade ta dafe ƙirji. "Ya Budurwa Maryamu!"

"Shekara arba'in da uku," in ji Deolinda. "A ɗakin nan na haifi 'yata. Tagar kicin ɗin mijina Leonel ya sa ta da hannunsa. Tun da na shiga gidan nan na Damaia ban taɓa kwana a wani wuri ba, in ban da kwana huɗu da na je ƙauye binne uwata. Yau wata takarda ta ce ba na nan. To ina nake, Albano? A ƙarƙashin gadonka?"

Wani tsoho ya yi dariya a bayan shago. Ta juya ta watsa masa kallo ɗaya, dariyar ta maƙale.

Wata goma sha shida ke nan da ɓarin jikin mijinta Leonel ya shanye. Aka sama masa gado a gidan jinya na sistocin coci, can ɗaya gefen gari kusa da kogi. Kullum sai ta je, domin miyar kowa ba ya sha sai tata. Katin jirgi na tsofaffi yuro ashirin ne a wata. Ga mai fanshon wanke benen ofisoshi, yuro ashirin kuɗin kunzugun Leonel ne na mako guda.

Sai Albano ya zo da dabara.

Tsofaffin da ke zaune cikin birni kyauta ake ba su kati. Damaia kuwa tasha ɗaya ce tak a bayan iyakar birni. Shi gidansa a Benfica yake, a ciki. Ya ce ta mayar da adireshinta gidansa a takarda kawai, ta karɓi katin kyauta, ta riƙa tako ƙafa zuwa Benfica ta hau jirgi daga nan. Ya raka ta ofis. Ya nuna mata inda za ta sa hannu. Ta zana sunanta, abu ɗaya da ta iya rubutawa a duniya.

Abin da bai faɗa mata ba shi ne, tsohuwar haya irin tata, mai araha tun zamanin da, igiya ɗaya ke riƙe da ita: ɗan haya ya kasance a gidan yake zaune.

"Wallahi ban yi tunanin haya ba," in ji Albano. "Ni tikiti na sani, kumadre. Tikiti."

"Ka san tikiti! To sayo min tikitin zuwa inda zan kwana."

"Ki zauna, mu yi tunani."

"Na yi tunanin tun jiya." Ta ajiye kular miyar, ta zaro katin daga rigarta, ta ɗaga shi. Hotonta na jiki, fuska a murtuke. "Kai ka ce min na'urar ƙofa ba ta mantuwa. Ka ce duk inda na taɓa katin nan tana rubutawa. To a je a tambaye ta. Ita ba ta cin hanci. Za ta faɗa musu kullum daga gida nake fitowa, kullum gida nake komawa."

Albano ya cire tabarau. Ya murza idonsa.

"A wace tasha kike taɓa katin da safe?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A nan mana."

"Da yamma fa, ina kike sauka?"

"A nan."

"Kin taɓa taɓa shi a Damaia?"

"Ta yaya? Ba kai ka ce ba ya aiki a can ba, kar in kuskura, tara za a ci ni?"



Sai ta ji abin ya sauko mata, a hankali, kamar ruwan sanyi a gadon baya.

Safiya ɗari huɗu da wani abu. Kullum ta fito daga gida, ta gangara ta ƙarƙashin gada, ta wuce allon iyakar birni, minti ashirin da biyar da gwiwoyin da likita ya ce sun ƙare. Cikin ruwan sama, cikin zafin Agusta. Jirgin yana wuce ta a sama, tasharsu tana bayanta taku ɗari biyu daga ƙofarta, ita tana takawa don kar ta biya. Kuma ba wanda ya rubuta wannan tafiyar. Abin da aka rubuta shi ne: Benfica da safe, Benfica da yamma.

Na'urar ba za ta yi ƙarya ba. Shaidar Belmiro za ta zama.

Ta ja kujera ta zauna, ba don an ce ta zauna ba.

A sama jirgin takwas da arba'in ya shigo, ya yi tsayuwarsa, ya tafi. Jirginta ne. Ba ta motsa ba.

Mai shago ta kawo mata ɗan kofi da gasasshen burodi ba tare da an ce ta kawo ba. Deolinda ta ture.

"Tambaya ɗaya," ta ce. Muryarta ta sauka, kuma wanda ya san ta ya fi tsoron wannan muryar. "Yaya aka yi Belmiro ya sani? Ni ban faɗa wa kowa ba. Ko 'yata da ke Faransa ban faɗa mata ba. Leonel ba ya iya magana. Saura wa?"

"Lauyoyi suna da hanyoyinsu..."

"Saura wa, Albano?"

"Kumadre..."

"Nawa ya ba ka?"

Ya miƙe zumbur, fuskarsa ta yi ja. "Ni? Ni Albano? Shekara talatin da bakwai a taga, ko sisin kwabo ba a taɓa nema an rasa a hannuna ba!"

"To zauna ka faɗa min yadda mai gaskiya ya kai ni bakin titi."

Ya zauna. Ya dubi Piedade, ya dubi agogon bango, ya dubi hularsa da ke kife a gefen tebur.

"Bara ne," ya ce. "Bayan Leonel ya faɗi. Na haɗu da Senyor Belmiro a ranar bikin Waliyyi Antoniyo, ana gasa kifi a titi. Ya saya min kofin giya. Ya ce, 'Senyor Albano, ana cewa duk birnin nan ba wanda ya san sirrin tikiti kamar kai.' Ya ce, 'Ga baiwar Allah Deolinda, tausayi take ba ni, kullum a jirgi. Kai da ka san komai, ba wata hanya da za ta huta da biya?'"

Piedade ta rufe baki da hannu.

"Ci gaba," in ji Deolinda.

"Na ce akwai. Na faɗa masa. Ya ce ai ba zai yiwu ba, ofis ba za su yarda ba. Na ce a zuba a gani. Da muka gama, sai na... na kai masa takardar ya gani da idonsa."

"Ka kai masa."

"Don ya san na iya! Ya ɗauki hotonta da waya, wai zai nuna wa wani abokinsa. Na rantse da kabarin matata, ban san..."

"Ya jira wata goma sha biyu suka cika, ya ƙara biyu don kar a ce ya yi gaggawa." Ta gyaɗa kai. "Sauran ɗakunan duk ya fitar da mutane ya zuba ɗalibai, kowane ɗaki ninki goma na abin da nake biya. Ni kaɗai na rage masa kamar ƙaya a maƙogwaro. Ya rasa mai cire masa, sai ya samu uban baftismar 'yata."

"Ban karɓi komai ba, kumadre."

"Ai shi ne abin da ya fi ciwo. Da sayar da ni ka yi, da na san ina da farashi. Kyauta ka ba da ni. Kofin giya ɗaya da 'kai ka san komai'."

Albano ya sunkuyar da kai. Ta ga tsakiyar kansa, sanƙo mai ɗigo-ɗigon tsufa. Wannan mutumin ne ya ɗauki Leonel a baya ya sauko da shi bene uku ranar da ya faɗi, kafin motar asibiti ta iso. Ta tuna, kuma tunawar ba ta rage mata komai ba. Sai ma ƙara nauyi.

"To ga abin da za ka yi," ta ce. "Yarinyar kantin magani ta ce akwai lauyan talakawa a ofishin unguwa ranar Alhamis. Za ka bi ni. Za ka ce ban taɓa kwana a gidanka ba, ko buroshin haƙori ba ni da shi a can. Za ka ce kai ka ƙulla, don kati. In an je kotu ka maimaita."

Albano ya shiga juya cokali a cikin kofi.

"Ka ji ni?"

"In na faɗi haka," ya ce, "na ce mun yi wa hukuma ƙarya ke nan. Ni da ke."

"Na yarda. A ci ni tara. A karɓe katin, a jiƙa a sha. Gidana nake so."

"Ba ke kaɗai ba ce a gidana a takarda, kumadre. Za su zo su duba akwatin wasiƙa. Suna tara ne a jiki, ban da nawa. Ɗaki ɗaya da falo, tsofaffi tara."

Sai a lokacin Piedade ta yi magana, da wata 'yar murya kamar ta mai neman gafara.

"Dona Deolinda... ni ma ina ciki."

"Na sani."

"Sau uku a mako nake zuwa wankin ƙoda. In suka ce in mayar da kuɗin duk watannin da na hau kyauta, da tara a kai... ni da me? Ɗana ba ya ɗaga waya." Ta murza kan sandarta. "Ba na cewa ki bar gidanki. Allah ya kiyaye. Tambaya kawai nake yi. Mu fa?"



Da masifa Piedade ta zo da ita, da Deolinda ta san yadda za ta yi da ita. Masifa ita ce sana'arta ta biyu. Amma wannan tambayar ba ta da inda za a kama ta.

Ta juya ta dubi titi ta gilashin shagon.

Daga nan ana hango gadar, da allon iyakar a gindinta. Allo ne kawai, fari, an manna masa tallan mai gyaran famfo. Tsohuwar da ke wannan gefen ta hau jirgi kyauta. Tsohuwar da ke wancan gefen ta biya. Gwiwa iri ɗaya, fansho iri ɗaya, benen ofis ɗaya suka wanke tare shekara talatin, domin masu wanke birnin ai ba a cikin birnin suke kwana ba. Wanda ya ja layin nan bai taɓa ɗaukar kular miya ya taka shi ba.

Amma kuma, in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Ba wanda ya riƙe hannunta da ƙarfi ranar da ta zana sunanta. Ta ji daɗi. Ranar farko da ƙofar tasha ta buɗe mata ba ta biya ba, dariya ta yi ita kaɗai, ta je ta ba Leonel labari, ta ce masa yau ta ci gwamnati. Ya yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi. Garin gyaran gira ne ido ya tafi, kuma da yatsanta.

Leonel.

Kalma ɗaya ta dawo masa tun da ya faɗi. Ɗaya tak. Kullum in ta gama ba shi miya, ta goge masa baki, sai ya kama gefen gyalenta da hannunsa mai lafiya ya ce, "Gida."

Kullum ta ce masa, "In sanyi ya wuce."

Sistoci sun ce ba zai ga wani sanyin ba. Ita kuwa ta yi wa kanta alkawari, ko a kujera za a hau da shi bene ukun nan, a gadonsa zai cika, yana kallon tagar da ya sa.

Kwana sittin.

Jirgin tara da goma ya wuce. Na tara da arba'in ma ya wuce. Miyar kabeji tana hucewa a cikin kula.

Tsofaffin shagon suka fara raguwa. Talata ce ranar rabon wasiƙu: duk takardar hukuma da ta zo wa mutanen tara, gidan Albano take sauka, shi kuma ya kawo nan ya raba. Biyu sun zo sun karɓa sun sulale, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da Deolinda.

Albano ya sake duban agogo.

"Kumadre, Leonel na jira. Ki kama na goma da goma. Gobe mu zauna da sanyin rai, in nemo wata hanya."

"Wata hanyar! Hanyarka ta farko ma ban gama biya ba."

"Ki tafi dai. Miyar za ta yi sanyi."

"Tun yaushe ka damu da miyata?"

Ya dubi agogo karo na uku. Goma saura minti huɗu. Ya ja hularsa kusa da shi, ya ɗora gwiwar hannu a kai.

Deolinda ba ta yi makaranta ba, amma ta yi shekara talatin tana shiga ofisoshin manya bayan sun tashi. Ta san kamannin teburin da ake ɓoye wani abu a kai.

"Ka ce mu tara ne."

"Tara."

Ta fara lanƙwasa yatsu. "Ni. Piedade. Mai gyaran takalmi da matarsa, huɗu. 'Yan'uwan nan mata biyu na bayan kasuwa, shida. Kurman nan mai kare. Tsohon direban tasi. Takwas." Ta ɗaga yatsa ɗaya. "Waye na tara?"

"Wani ne. Ba ki san shi ba."

"Duk wanda ya haura sittin da biyar daga nan har Amadora na san shi, na san ciwonsa. Waye?"

"Sirrin mutane ne, kumadre."

"Yau ka san sirri?"

Ta fizge hular. Niyyarta ta jefe shi da ita.

A ƙarƙashi akwai ambulan guda, fari, mai tambarin hukuma.

Albano ya kai hannu. Ta riga shi.

Ta ɗaga ambulan ɗin kusa da fuskarta. Layukan baƙaƙen nan duk ɗaya suke a wurinta, kamar tururuwa a jere. Amma layin farko ta tsaya a kansa. Harafin farko mai tumbi biyu, ɗaya kan ɗaya. Dogo a tsakiya kamar sanda. Zagaye a ƙarshe kamar bakin tulu. Shekara da shekaru tana ganin wannan zanen a saman kowane rasiɗin haya, tana ninkewa tana sakawa a gwangwanin biskit. Ba karanta shi take yi ba. Gane shi take yi, yadda ake gane fuskar maƙwabci a cikin taro.

"Piedade," ta ce, ba ta ɗauke ido ba. "Karanta min sunan nan. Ina so in ji da kunnena."

"Dona Piedade, kar ki..." in ji Albano.

Piedade ta gyara tabarau. Ta karanta. Ta sake karantawa.

"Belmiro... Belmiro Tavares."

"Adireshin fa?"

"Gidan Senyor Albano."

Mai shago ta ajiye tsumman da take goge tebur da shi.

"Mai gidaje uku," in ji Deolinda a hankali. "Mai gida da lambu a Amadora. Shi ma katin kyauta?"

"Bayan naki ya fito ne," in ji Albano. "Ya ce tun da abin yana aiki, shi ma a yi masa. Na ce masa, Senyor Belmiro, kai da kake da hali? Ya ce yuro ashirin yuro ashirin ne. Ya ce shi gidansa nasa ne, wa zai kore shi?"

"Wa zai kore shi."

Ta maimaita kalmomin kamar mai tauna tsakuwa a cikin wake.

Ƙarya ɗaya suka yi, a ofis ɗaya, a gaban ma'aikaci ɗaya. Tasa ta saya masa yawon gari kyauta. Tata za ta ci gadon da Leonel zai mutu a kai.

"Shi ya sa kake korata," ta ce. "Ƙarfe nawa yake zuwa karɓa?"

Albano ya ɗaga ido ya dubi bango. Agogon bango ya nuna goma daidai.

"Dona Deolinda," Piedade ta kama hannunta, "in kika tona shi, kin tona mu duka."

"Na sani. Shi ma ya sani. A nan za mu ga wanda ya fi tsoron akwatin wasiƙar nan, ni ko shi."

Ta ninke ambulan ɗin biyu, ta tura shi cikin rigarta, inda katin yake zama. Ta ɗauki katin nata ta ajiye a tsakiyar tebur, kusa da takardar lauya. Ta ɗauki burodin da ta ture ɗazu ta gatsa. Sai yanzu ta ji yunwa.

Wata farar mota ta tsaya a bakin shagon. Wata mata ce ke tuƙi, 'yar Belmiro. Ƙofar baya ta buɗe, sanda mai kan azurfa ta fara fitowa, sannan tumbin, sannan mutumin. Riga mai guga, turare tun daga ƙofa.

"Senyor Albano, sarkin tikiti!" ya ce da fara'a. "Akwai wani abu nawa yau?"

Sai ya gan ta.

Fara'ar ta tsaya a fuskarsa ba ta san inda za ta je ba. Idonsa ya sauka kan takardar lauya, ya koma kan katin, ya koma kan hular da ke hannunta.

"Dona Deolinda. Ban zaci... Wannan magana ce ta lauyoyi, ba ta shagon kofi ba."

"Akwai abinka yau," ta ce, ta dafa ƙirjinta, takardar ta yi ƙara a ƙarƙashin riga. "Yana nan. Ni ce maƙwabciyarka ai, gida ɗaya muke, ɗaki ɗaya da falo. Ba a faɗa maka ba?"

Ya juya ya dubi ƙofa. Motar ta riga ta tafi. Piedade kuwa, da ba ta taɓa tare wa kowa hanya ba a rayuwarta, ta miƙa sandarta ta gitta a tsakanin tebur da bango.

Deolinda ta tura masa kujera da ƙafa.

"Lauyanka ya tambaye ni inda nake kwana. Zan amsa masa ranar Alhamis, a gaban duk wanda ya ga dama. Amma kai za ka fara. Zauna, Senyor Belmiro. Mijina yana can yana jiran miya da amsa, yau ba zan je masa da miya kaɗai ba. Faɗa wa mutanen nan da bakinka: kai, ina kake kwana?"